Sikelin duwatsu ko na lantarki: wanne zai riƙe gaskiya daga Dawanau zuwa Rotadam?

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu fitar da kaya waje, wai kwantenar riɗi idan ta tashi daga Apapa ta sauka Turai nauyinta yakan canza, saboda ƙarfin da ƙasa take jan abu da shi a can ba ɗaya yake da na nan ba. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa da shi ake fakewa a ci haƙƙin mutum. Jan ƙasa ya bambanta daga gari zuwa gari, wannan babu ja. Sai dai buhu ba ya ƙaruwa ko raguwa don ya haye teku. Abin da tafiya take rikitawa shi ne sikeli. Wanda zai sayi sikeli don sitonsa a Dawanau ko Maigatari, ko don shagon gwal, ya kamata ya san wane iri ne tafiya take taɓawa da wanda ba ta taɓawa kafin ya fitar da kuɗinsa.

Da Hausa kalma ɗaya muke da ita, nauyi, kuma abu biyu take ɗauka. Akwai yawan kayan da ke cikin buhu, wanda ko duniyar wata aka kai shi yana nan yadda yake, kuma shi ake nufi da kilo a takardar ciniki. Akwai kuma yadda buhun yake danna kafaɗar ɗan dako, wato ƙarfin da ƙasa take jansa. Wasu kan kira wannan ƙarfi maganaɗisun ƙasa, amma sunan yana yaudara, don maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa har auduga ba ya bari. Zan riƙa ce masa jan ƙasa.

Dalilin bambancinsa biyu ne manya. Duniya tana juyawa, kuma juyin ya fi ƙarfi a wajen layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, sai ya riƙa ɗan sauƙaƙa abin da ke wurin. Sannan duniyar ba ƙwallo ce cak ba, tana da tumbi a tsakiya: wanda ke kan ikwaita ya fi wanda ke ƙuryar arewa nisa da cibiyar duniya da kimanin kilomita 21. Idan aka haɗa biyun, lambar da masana suke auna jan ƙasa da ita tana kama 9.780 a ikwaita, 9.832 a ƙuryoyin duniya, wato bambancin kashi 5 cikin 1,000. Tudu ma yana ragewa: duk hawan mita 1,000 yana cire kimanin kashi 3 cikin 10,000. Ba yau aka gano haka ba. A 1672 wani masanin taurari ɗan Faransa, Jean Richer, ya tafi da agogo mai lilo zuwa Kayen a Kudancin Amurka, kusa da ikwaita, sai ya ga agogon da ke daidai a Faris yana makara da kimanin minti biyu da rabi kullum, sai da ya rage tsawon lilon kafin ya daidaita. Agogon bai lalace ba, wuri ya canza. Abin da ke samun sikelin zamani ke nan.

Idan aka yi lissafi da nisan gari daga ikwaita da tudunsa, Kano tana kan 9.781. Legas ma 9.781. Wannan sa'a ce da 'yan kasuwarmu ba su san suna da ita ba: Kano ta fi Legas nisa da ikwaita, wanda ya kamata ya ƙara mata, amma tana kan tudun da ya kusa mita 500, wanda ya cire abin da aka ƙara. Don haka sikelin da aka saita a Kano zai yi aiki a Apapa ba tare da wata damuwa ba. Jos ce ta ɗan fita daban saboda tsaunin, tana wajen 9.778. Amma da zarar an yi arewa lamba sai ta hau: Dubai 9.790, Shanghai 9.794, Tokyo 9.798, Istanbul kusan 9.803, Zurik ta Suwizalan 9.807, Rotadam ta Holan 9.812, Hamburg ta Jamus 9.814. Tsakanin Kano da Rotadam akwai kashi 3 da ɗoriya cikin 1,000. A kilo ɗaya giram 3 ne, ba abin da za a ɗaga murya a kai. A buhu mai kilo 100, giram 320. A kwantena mai ƙafa 20 da aka cika da riɗi kimanin tan 19, kilo 60 ne, ya fi buhun kilo 50 guda. Wanda ke loda kwantena ɗari a kaka sai ya lissafa da kansa.

To, mu fara da sikelin kakanni, mai hannu biyu, wanda ake ɗora kaya a faranti ɗaya, duwatsun awo a ɗayan. Danginsa shi ne babban sikelin ƙarfe mai dandamali da ake gani a tsofaffin sito-sito, mai sanda da ake tura ƙaramin dutse a kai, ana kuma rataya wasu a baki. Dukkansu gwada kaya suke da dutse. Idan ƙasa ta ƙara jan riɗi a Rotadam, ta ƙara jan dutsen ma daidai gwargwado, sanda ta tsaya inda take. Ka kai shi Jos, ka kai shi Hamburg, amsa ɗaya zai ba ka. Shi ya sa fataken da suka riƙa ƙetare Sahara da gwal suna lissafi da miskali ba su taɓa sanin wannan matsala ba, haka maƙeran Asante a Gana da ƙananan duwatsunsu na tagulla. Matsalar jan ƙasa a ciniki 'yar zamani ce, ta zo tare da sifirin da lantarki.

Wannan sikeli ba ya buƙatar wuta ko batir, zafin Afrilu bai dame shi ba, ƙurar hunturu sai ta daɗe kafin ta ci ƙarfinsa. Amma yana da nasa ciwon. Gaskiyarsa gaba ɗaya tana cikin duwatsun, kuma dutse yana cin tsatsa, yana goguwa, mai mugun nufi yana iya huda shi ya rage ko ya cusa masa dalma. A irin mai dandamali abin ya fi haɗari, don sandunan ciki suna ninka nauyi: ƙaramin dutsen da aka rataya yana wakiltar kilo masu yawa, giram kaɗan da ya rasa sai su zama babban giɓi a kan buhu. Bakin ƙarfen da sanda take lilo a kai shi ma yana dakushewa, sikeli ya yi taurin kai, a ƙara kwano guda bai motsa ba. Ga shi kuma yana da jinkiri, ba ya buga takarda, ba ya ajiye lissafi. Kamfanin waje da ke son takardar awo ta kowane buhu ba zai gamsu da rubutun biro a littafin malamin sito ba.

Sikelin rataye mai fuskar agogo, wanda masu sayen kaya a ƙauye suke ɗaurawa a reshen bishiya, ba zan daɗe a kansa ba. Sifirin ne a ciki, ƙarfin ja yake aunawa, don haka jan ƙasa yana taɓa shi. Amma mai kilo 100 yawanci zanensa rabin kilo ne tsakanin layi da layi, giram 300 ɗin da muke magana ko layi ɗaya bai kai ba. Gajiyar sifirin da idon mai karantawa sun fi wannan ɓarna nesa ba kusa ba. A yi awon farko da shi a ƙauye, amma kada a rubuta lambarsa a takardar da za ta haye teku.

Inda maganar take da nama shi ne sikelin lantarki, wanda yanzu ya cika kasuwa. A ƙarƙashin dandamalinsa akwai wani guntun ƙarfe da ke ɗan lanƙwasawa idan an ɗora kaya, an manna masa siraran wayoyi masu jin lanƙwasar, su mayar da ita wutar lantarki, allo ya mayar da wutar lamba. Wato sifirin ne mai wayo. Bai san kilo ba, dannawa kawai yake ji. Ranar da aka saita shi aka ɗora masa dutse aka ce masa wannan dannawar sunanta kilo 100, kuma wannan darasin yake riƙe da shi duk inda aka kai shi. Idan a Jamus aka yi masa darasin, ya zo Kano inda ƙasa ba ta ja kamar can, buhu mai cikakken kilo 100 zai nuna 99.7.

Ku lura da wanda abin yake faɗawa a kai. Idan mai sito yana saye daga hannun manoma da irin wannan sikeli, manomi ne yake asarar giram 300 a kowane buhu, mai sito ya shiga sahun masu tauye mudu ba tare da ya yi niyya ba. Idan kuma da shi yake cika buhunan da zai tura waje, shi ne yake kyautar kilo 60 a kowace kwantena, kuma ba wanda zai yi masa waya daga Turai ya ce an aiko da ƙari. Sikelin gwanjo da ake shigowa da shi daga Jamus ko Holan shi ya fi aikata wannan laifi, tunda mutane suna ganin ƙarfensa mai kyau ne, sai su jona shi su fara aiki a ranar. Sabon da aka ƙera a ƙasar Sin giɓinsa bai kai haka ba, kashi 1 da ɗoriya cikin 1,000 idan a wajen Shanghai aka saita shi, ƙasa da haka idan a Guangzhou ne.

Kuskuren da na fi ji a bakin mutane shi ne, ai idan aka danna maɓallin sifili komai ya daidaita. Bai daidaita ba. Sifili yana gyara inda awo yake farawa ne kawai. Giɓin jan ƙasa kuwa girma yake da girman kaya: a kan sikeli babu komai giɓin sifili ne, a kilo 10 giram 30, a kilo 300 kusan kilo guda. Haka ma gwajin da ake yi da ƙaramin dutse. Sikeli mai ɗaukar kilo 300 wanda lambarsa take tsalle giram 100-100, idan ka ɗora masa dutsen kilo 20 giɓin giram 60 ne, yana iya nuna maka 20.0 lafiya lau, ka tafi da murna. Gwaji na gaskiya sai an ɗora nauyin da ya yi kusa da abin da ake aunawa kullum.

Shin kashi 3 cikin 1,000 ya kai a kira shi laifi a idon doka? Ya kai. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tsara dokokin awo, OIML, wadda aka kafa a Faris a 1955, ta raba sikeli aji huɗu. Na kasuwanci irin na sito aji na uku ne. A ɗauki mai kilo 150 da ke tsallen giram 50: kuskuren da aka yafe masa a cikakken lodi ranar da aka tantance shi giram 75 ne, yana cikin aiki kuma ninkin haka, giram 150. Tafiya daga Rotadam zuwa Kano kaɗai za ta jefa shi giram 480 daga daidai. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2014 kan irin waɗannan sikeli ta tanadi a yi tantancewa kashi biyu, na farko a masana'anta, na biyu a inda za a yi aiki da shi, sai fa in an saita shi tun farko da jan ƙasar yankin da za a kai shi. Su da kansu ba su yarda sikelin da aka saita a arewacin Turai ya yi aiki a kudancinta haka kawai ba, balle ya zo Afirka.

Maganin wannan iri uku ne, kuma a nan zaɓin mai saye yake.

Mafi sauƙi kuma mafi tabbas shi ne a saita sikelin a sitonka, da duwatsun awo masu takardar shaida. Duwatsun awo ma aji-aji ne gwargwadon daidaitonsu, kuma ga sikelin sito, na ajin M1 sun isa. Da zarar an yi haka, maganar jan ƙasa ta mutu, matuƙar sikelin yana nan bai bar garin ba. A Nijeriya sashen kula da ma'auni da awo na ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya shi doka ta ba ikon duba sikelin kasuwanci ya manna masa shaida, kuma wannan shaidar ita za ka nuna ranar da gardama ta taso. Babban sikelin auna mota ma a wannan hanya yake, tunda a wurin ake gina shi a kuma ɗora masa duwatsu. Abin tambaya ɗaya ne kawai ga wanda ya kafa maka: da duwatsu ka saita shi a nan, ko lambobin masana'anta ka shigar ka tafi?

Hanya ta biyu ita ce lambar yanki. Wasu kamfanoni, kamar Mettler Toledo da Ohaus, suna saka wa sikelinsu wani saiti da ake gaya masa yankin duniyar da yake, bisa nisa daga ikwaita da tudu, shi kuma ya gyara lissafinsa. Yana da amfani ga wanda ya yi odar sabon sikeli kuma babu duwatsu a kusa. Amma ƙiyasi ne na yanki, ba awon ainihin sitonka ba, kuma dila da bai san abin ba yakan bar lambar Turai yadda ta zo. Ni a ganina wannan hanya ta rage giɓi ce kafin mai duwatsu ya iso, ba ta maye gurbinsa.

Ta uku ita ce sikeli mai dutse a cikinsa. Wani ɗan inji ne yake ɗora dutsen a kan ma'aunin daga ciki, sikeli ya gwada kansa ya gyara, wasu ma su kan yi haka da kansu duk lokacin da zafi ya canza. Wato an ɗauko hikimar sikelin kakanni an sa ta cikin akwatin lantarki. Duk inda ka sauke shi, minti kaɗan ya koyi jan ƙasar wurin. Yana da tsada, yana son teburi mai ƙarfi da ɗaki marar iska, kuma yawanci a ƙananan sikeli ake samunsa, na giram zuwa 'yan kilo, ba na buhu ba.

Ga mai harkar gwal, wannan na ukun ne, ban ga abin jayayya ba. Shi ne ɗan kasuwar da sikelinsa yake shiga jaka ya hau jirgi tare da shi. Sikelin da aka saita a Dubai aka zo da shi Kano ko Agadas zai rage kusan giram 1 a kowane kilo, ɗan ƙasa da haka a Agadas. Wanda aka saita a Suwizalan zai rage fiye da giram 2 da rabi. A riɗi wannan 'yan ƙwayoyi ne, a gwal kuɗi ne da za a iya ɓata zumunci a kansu. Ko a giram 100, sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram zai fito da bambancin a fili. Wanda kuɗinsa bai kai na mai dutse a ciki ba, ya sayi dutsen ajin F1, wanda ya fi na M1 daidaito, guda ɗaya mai nauyi kusa da abin da yake yawan aunawa, ya ajiye shi cikin akwatinsa, kada ya riƙa taɓa shi da hannu tsirara, ya saita sikeli da shi duk garin da ya sauka, a gaban abokin cinikin.

Ga mai sito da ke tara riɗi, zoɓo ko citta don fitarwa, na lantarki aji na uku da aka saita a wurin shi ne zaɓi, saboda sauri da takarda. Tun ranar 1 ga Yuli 2016 dokar kare rayuka a teku ta wajabta a bayyana tabbataccen nauyin kowace kwantena kafin a ɗora ta a jirgi, ko dai a auna ta a cike, ko a auna duk abin da aka zuba a haɗa da nauyin kwantenar, kuma da sikelin da aka tantance. Amma da ni ne, ba zan sayar da tsohon sikelin ƙarfe ga 'yan jari-bola ba. Zan gyara shi in ajiye a gefe a matsayin shaida. Na lantarki yakan sulale a hankali ba tare da ya yi ƙara ba, musamman a zafi: yawancinsu daga ƙasa da sifili da maki 10 zuwa maki 40 a ma'aunin Celsius aka ƙera su su yi aiki, kuma sito mai rufin kwano a Kano cikin Afrilu yana wuce nan. Buhu ɗaya da aka auna a kan biyun kowace safiya zai tona asiri da wuri.

Mai kai zoɓo Meziko zai iya kwantar da hankalinsa fiye da kowa, don birnin Meziko yana kan tudun da ya haura mita 2,200, jan ƙasarsa wajen 9.779, ƙasa ma da na Kano kaɗan.

Saura maganar da muka fara da ita. A ce sikelinka an saita shi a Kano, na mai saye an saita shi a Rotadam, kowanne da duwatsu masu gaskiya. Kwantena ta tashi da tan 19. Da ta isa, ƙasar Holan tana janta fiye da yadda ta Kano take yi, gaskiya ne, amma sikelin can ya riga ya koyi wannan jan daga dutsensa, don haka tan 19 zai nuna. Jan ƙasa ba shi da hurumi a gardamar giɓi tsakanin sikeli biyu masu saiti. Kuma ko da a ce yana da shi, kayan da suka tashi daga nan suka yi arewa ƙaruwa za su nuna, ba raguwa ba. Duk wanda ya ce maka kayanka sun ragu a Turai ko Turkiyya ko Japan saboda jan ƙasa, lissafin ma ya juya masa baya.

Giɓin gaske a wani wuri yake ɓuya. Riɗin da aka loda da danshi kashi 7 cikin 100 ya bushe ya koma kashi 6, tan 19 ya rasa kimanin kilo 200, ninki uku na duk abin da jan ƙasa zai iya yi tsakanin Kano da Rotadam. Ga yashi da ƙaiƙayi da za a tankaɗe a can, ga nauyin buhun kansa idan ba a yi maganarsa ba, ga buhun da ya fashe. Waɗannan a takardar yarjejeniya ake maganinsu: a rubuta ƙarara ko awon tashar lodi ne abin dogaro ko na tashar sauka, nawa ne danshin da aka amince, kashi nawa na giɓi aka yafe, kuma wane kamfanin sa ido mai zaman kansa ne zai tsaya a kan awon, irin su SGS, Intertek ko Bureau Veritas. Idan awon sauka ne aka amince da shi, ka nemi a haɗo maka da takardar da ke nuna ranar ƙarshe da aka saita sikelin can, da kuma garin da aka saita shi.